Zilch, da Sunan da Yaya Garba Ya Kasa Kira

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A gidan suna, a wajen markaɗe, har a layin asibiti, tambayar ɗaya ce: "Asabe, ya Amurka? Me kika gano mana?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya har ji na yi wai gidan Bature aka sauke ni, ana yi mini fifita. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. Bokona bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Kuma in gaya muku tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba. Jinya na je, sai da na yi zaman makoki na dawo.

Waɗanda suka girme ni a Funtua sun san Yaya Garba. Ina goyon fari ya tafi Amurka, wai karatu. Karatun bai ƙare ba, ya shiga tuƙin tasi, daga baya ya koma aikin sito. Ya auri wata baƙar fata ta can, suka haifi 'ya ɗaya, ya sa mata sunan mahaifiyarmu. Shi ya sa ba za ku ga sunanta a rubutun nan ba. Tun da na yi wayo bakina bai taɓa furta sunan Iya ba, ko wata mai sunan na haɗu da ita sai na nemo mata wani. Ita wannan 'yar, Uwata nake ce mata. Uwarta ta rasu tana 'yan mata. Yaya bai sake aure ba, bai kuma taɓa kawo ta gida ba.

Wata ranar Talata ina tsintar shinkafa waya ta yi ƙara, lambar waje. Wata mata ce mai Hausar Maraɗi, ta ce sunanta Zalika, maƙwabciyar Malam Garba ce a Greensboro. Ta ce ya faɗi a wajen aiki, ɓarin jikinsa ya shanye.

"Ya farfaɗo, amma Turancin ya zube, Hajiya, kamar bai taɓa jin shi ba. Hausa kaɗai ta rage a bakinsa. Ɗiyarsa kuwa ko 'zo' ba ta sani ba. Yana ta kiran Asabe."

Ni da ko Makka ban je ba, iyakata Kano, ita ma biki ke kai ni. Amma uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma mu biyu muka rage.

Autana Nura ne ya yi ta fama da takardu, ya kai ni Abuja. Hanyar kun san ta: kowa a motar bakinsa na motsi, in direba ya rage gudu sai a ɗaga kai a leƙa daji. A ofishin biza wata Baturiya ta zauna bayan gilashi, ta tambaye ni ta bakin tafinta ko zan dawo. Na ce, "Gaya mata na bar akuya da ciki, ga jikoki, ga adashi. Wa zai riƙe ni a can?" Ta yi murmushi, ta buga abin da za ta buga.

Ranar tashi Nura ya ce, "Inna, za a kawo miki keken marasa lafiya, ki hau."

Na ce, "Ni da nake zuwa kasuwa da ƙafata? Kar ka ja mini ciwo."

Ya ce duk tsofaffin da ba sa jin Turanci haka ake yi musu, mai turawa shi ya san ƙofa, shi zai kai ki har bakin jirgi. Na hau ina rufe fuska da mayafi. Sai da muka sauka a ƙasar da ake canza jirgi na saki jiki, don gani na yi an jera mu reras, tsofaffin Najeriya, kowa a keke, kowa ƙafarsa garau. Wata Bayarabiya kusa da ni har ƙafa take kaɗawa tana cin gyaɗa.

Jirgin kuwa ba abin da zan ce sai dai Allah ya isa wa wanda ya ƙirƙiri bayin ciki. Na danna wani abu, ya yi wata irin zuƙa, na ɗauka da ni zai tafi. Abincinsu ban gane kansa ba, burodi na ci da ruwan shayi. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, na rasa azahar na rasa la'asar, na haɗa su na yi a zaune, Allah ya karɓa.

A bakin shiga Amurka kare ne babban ma'aikaci, har riga suka sa masa. Ya wuce akwatin kowa, ya zo ya zauna gaban nawa. Aka buɗe. Kuka ta wuce, busasshiyar kuɓewa ta wuce, garin kunu ya wuce. Daddawa, jami'in ya shinshina ya kau da kai, ya miƙo mini da sauri. Sai kilishi. Kilishin da na sa aka yi musamman, mai ƙarancin yaji, don na tuna yadda Yaya ke son sa. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara. Na ce masa da Hausa, "Ko kai ka ci mana, ɗan nan, kar a yi asara." Bai ji ba. Daga nan aka sake tura ni cikin wani ƙaramin jirgi, shi ya kai ni Greensboro.

Mata biyu suka tarbe ni. Zalika ba sai an nuna mini ita ba, ƙatuwa ce mai fara'a, tun daga nesa take kiran "Hajiya! Wala, ga ta nan!" Ɗayar kuwa da na gan ta sai na ga kamar Iya ce tsaye a gabana. Goshin Iya, wushiryar Iya, har yadda Iya ke tsayuwa ta karkata kai gefe. Sai dai wando ne a jikinta, kanta ba ɗankwali, ta haura talatin. Ta miƙo mini hannu kamar za mu yi ciniki. Na ture hannun na rungume ta ina kuka ina cewa "Uwata, Uwata." Ta tsaya ƙiƙam. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma riƙe ni ba.

Gidan Yaya na wajen wani titi da suke kira Wendover. Motoci ne kamar ruwa, kantuna kowanne ya kai kasuwar ƙauye, amma ba mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. Ba mai talla, ba yaro, ba akuya. Ɗakinsa na sama a wani dogon gini na haya. Gado, darduma, tsohuwar rediyo, rigunan aiki a rataye. Shekara da shekaru a ƙasar da muke jin labari, abin da ya tara ke nan. Uwata ta buɗe firji don ta ba ni abinci. Gorar ruwa ce a ciki da rabin albasa da ta bushe. Ta haɗa babban yatsa da manuni ta yi da'ira, ta ce, "Zilch."

Na ce wa Zalika, "Me ta ce?"

"Babu, Hajiya. Wayam. Ko ƙwaya. Turancin titi ne, ba na boko ba. Ba a faɗa wa alƙali, amma kowa na faɗa."

Kun san ni da kunne. Tun ina yarinya ake ce mini Rediyo, in na ji muryar mutum sau ɗaya zan maimaita ta har uwarsa ta amsa. Kalmar nan ta maƙale mini, da wannan ƙarshen nata kamar ana korar kaza. Haka Zalika ta rubuta mini ita, haka na kwafa muku. Daga ranar na dinga tsinto ta a bakin mutane. Zalika aikinta kula da wata tsohuwar Baturiya ne a Irving Park, unguwar masu hali, in ta dawo ta zube a kujera sai ta ce, "Hutun da na samu yau? Zilch." Mai gyaran famfo ya zo ya murɗa ya murɗa, ruwan zafi bai zo ba, ya ce zilch. Sai na ɗauka ita ce "ba komai" ɗinsu.

Rannan a kanti wata mata ta buge ni da keken sayayya, ta dafe ƙirji tana "sori, sori." Na yi mata murmushi na ce, "Zilch." Matar ta tsaya tana kallona kamar na zage ta. Zalika ta yi dariya har sai da ta riƙe kanta.

"Hajiya, ba a nan ake sa ta ba!"

A nan na gane bambancin. Mu "ba komai" ɗinmu magani ne. An taka ka, ka ce ba komai. An ci bashinka an zo ba da haƙuri, ka ce ba komai, ko da akwai komai. Tasu ba ta lallashi ba ce. Sai an sa rai, an buɗe, an tarar wayam, sannan ake faɗarta. Akwai ƙorafi a cikinta, wani lokaci da dariya, wani lokaci ba dariya.

Zaman gidan bai yi mini daɗi ba. Ranar farko na kunna turaren wuta don warin rufi ya fita, wani abu a silin ya kama ihu, maƙwabta suka fito, na tsaya da kasko a hannu kamar ɓarauniya. Burodinsu zaƙi kamar alewa, kazarsu ta kai ɗan tinkiya amma ba ɗanɗano. Na koma kan kukata da kununa. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Ka wuni ba wanda ya yi maka sallama.

Yaya ba a asibiti na same shi ba. Wani gida ne mai tsabta da furanni, inda suke kai wanda likita ya gama nasa. Wannan al'adar ta ba ni tsoro. A can likita zai zauna a bakin gado ya gaya wa mutum ƙiri-ƙiri cewa ba zai tashi ba. Mu a gida ko mutum na shure-shure cewa muke "da sauƙi." Zalika ce ta fassara masa tun kafin na zo, ta ce ranar ba ta iya cin abinci ba.

Na tarar da shi ya ƙanƙance, bakinsa ya karkace, hannun dama a kwance kamar ba nasa ba. Ya dube ni ya daɗe.

"Asabe. Kin tsufa."

"Kai kuma yaro ka koma ko, Yaya?"

Ya yi dariyar da rabin fuska kaɗai ta yi. Ya tambayi tsamiyar ƙofar gidanmu, na ce an sare. Ya tambayi mutane, yawancinsu na ce Allah ya ji ƙansu. Mai jinyarsa, wata doguwar baƙar mata mai kirki, ta nuna mini farantin abincinsa ta girgiza kai ta ce zilch. Washegari na kawo kunun tsamiya, ya sha 'yan cokula, ya lumshe ido. Maganar kilishi ban yi masa ba.

Tun da ya san tafiya ce, abu ɗaya ya sa a gaba: neman gafara. Ranar Asabar da Lahadi Hausawan garin ke zuwa dubiya, don sauran ranakun aiki ba ya barin kowa. Malaman jami'a, direbobi, 'yan Nijar, har wani Alhaji ɗan zangon Kumasi. Kowa ya shigo Yaya zai ce, "Ka yafe mini." A amsa masa yadda aka saba: "Ba ka yi mana komai ba, Malam. Mun yafe duniya da lahira, mu ma ka yafe mana." Ni ma mun yi tamu, muka yi kuka. Saura mutum ɗaya.

Uwata kullum in ta tashi daga ofis takan biyo, ta zauna a kujerar kusa da taga da wayarta. Ba ya jin ta, ba ta jin sa. Rannan tana zaune, ya juya fuskarsa bango ya ce, "Asabe, ki ce wa yarinyar nan ta yafe mini."

Zalika ta juya mata da Turanci. Uwata ta ajiye wayar. Ta ce, in ji Zalika, "In yafe me?"

Na ce, "Ba a tambaya, Uwata. Haka ake yi. Kalma huɗu ce: na yafe maka, Baba. Ce 'na'."

Ta miƙe ta fita. Muka bi ta waje, wajen wani benci a ƙarƙashin bishiya. Ta daɗe tana magana, Zalika na juya mini, kuma ranar ba "bon" ba "wala", Faransancin nan nasu na 'yan Nijar, a bakin Zalika.

Ta ce bai taɓa dukanta ba. Ya ciyar da ita, ya yi aikin dare da rana ta yi karatu. Amma tun da take, bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke." "Zo nan." In yana magana da wani, "yarinyar nan." 'Ya'yan maƙwabta yakan ɗauke su ya cilla sama ya kira su da sunansu, ita in ta matso sai ya ɗaure fuska. Ranar da ta gama jami'a iyayen wasu na ihu suna kiran 'ya'yansu, shi ya tsaya can baya da hannu a baya, kafin a ɗauki hoto ya tafi mota. Ranar da uwarta ta rasu ta faɗa jikinsa, ya dafa kanta sau ɗaya ya janye. Ta girma tana zaton namiji ya so, ko kuwa kunyar haihuwa da baƙuwa yake ji. Sai ta yi da'irar nan da yatsu, wannan ba sai an fassara mini ba.

"Runguma? Zilch. 'Kin yi ƙoƙari'? Zilch. Sunana? Zilch."

Na ce innalillahi. Jama'a, kun dai gane abin da ya faru. Kunyar ɗan fari ce, ga kuma sunan Iya a kanta. Kunya biyu ta haɗu a kan yarinya ɗaya.

Na ce, "Zalika, gaya mata. A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, shi ne wanda ya fi shiga rai, shi ya sa ake ɓoyewa. Ni nawa na fari ya yi gemu, har yau 'wancan' nake ce masa. Gaya mata duk wayar da ubanta ya yi mini maganarta ce. 'Yarinyar nan ta zo ta ɗaya.' 'Yarinyar nan ta sami aiki.' 'Yarinyar nan ta sayi gida a Sedgefield, kusa da filin da Turawa ke buga ƙwallon sanda.' Har na haddace."

Ina faɗa ina gane inda aka yi kuskuren. Domin a gida in uba ya kau da kai, ba a banza yake kau da shi ba. Ya san akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawu, su za su ɗauke yaron su goya, su yi masa kirari, su shagwaɓa shi har ya lalace. Nawa na fari a ɗakin ƙanwar ubansa ya tashi, bai rasa komai ba. Yaya ya ɗauki rabin al'ada ya haye teku da ita, ya bar ɗaya rabin a Funtua. Ɗaya rabin kuwa ni ce, ina can ina tsintar shinkafa.

Uwata ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Me ya hana shi gaya mini haka?"

Na ce, "Faɗar ma ai rashin kunya ce."

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce yanzu ta gane dalili, amma dalili ba ya mayar da shekaru. Ba za ta faɗi abin da bai kai zuciyarta ba don kawai mutum zai mutu. Sannan ta ce, "Bari ya kira sunana sau ɗaya, ina ji da kunnena. Sai in faɗi abin da kuke so."

Na koma na gaya wa Yaya. Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa, sai ga shi ya zaro mini ido.

"Kin haukace, Asabe? Sunan Iya? Da bakina?"

"Yaya, nan ba Funtua ba ce."

"Ni ɗan Funtua ne."

"To ɗan Funtua, haka za ka tafi da haƙƙinta a wuyanka?"

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

Haka muka yi ta yi. Uwata ta zo da yamma ta zauna. In ta sunkuya kan waya sai ya kafa mata ido, in ta ɗago ya mayar da nasa silin. Wani lokaci in ga leɓensa na motsi, in riƙe numfashi, sai ya ce, "Ke... kin ci abinci?" In yi mata nuni da hannu a baki. Ta gyaɗa kai, ta ƙara jira kaɗan, ta ɗauki jakarta. A mota ba ta magana, da'irar kawai take nuna mini a kan sitiyari.

Zalika ta ce, "Hajiya, mu yi dabara mana. Ta yi masa kowace magana da Turanci, mu ce masa ta yafe. Wa zai sani?"

Na ce, "Turanci ya rasa, bai rasa ido ba. Ya san fuskar 'yarsa."

Ranar da abin ya zo, bayan la'asar ne, rana na nan fes a taga. Numfashinsa ya canza, mai jinya ta saurara ta fita ta kira Uwata a ofis. Zalika na wajen aiki. Ni kaɗai ce da shi. Idonsa na kan ƙofa.

"Ta zo?"

"Tana hanya, Yaya."

Ashe an yi haɗari a Wendover, motoci sun tsaya cak. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Can sai ya tattara abin da ya rage masa, ya dubi ƙofar nan da ba kowa, ya kira sunan. Ras, ba gargada, bakin da ya karkace bai hana ba. Kuma ba yadda Turawan can ke taƙaita shi ba. Ya ja ƙarshensa, yadda kakarmu ke kiran Iya daga bakin rijiya muna yara. Na matso na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada, ya bi ni, ya cika.

Uwata ta shigo da makullin mota a hannu tana haki. Ta dubi gadon, ta dubi mai jinya, ta gane. Da Zalika ta iso na ce ta gaya mata ya kira, wallahi ya kira, ni na ji. Uwata ta ce, "Ke kika ji." Ta ɗaga hannu kamar za ta yi da'irar, sai ta sauke. Ba ta faɗi kalmar ba, amma na ji ta a ɗakin.

Musulmin garin sun yi masa sutura yadda ya kamata, Allah ya saka musu. Kabarin inji ne ya haƙa, in ji waɗanda suka je. Ni ban je ba, mata ba ma zuwa. Uwata ta je, ba wanda ya iya hana ta. Zaman makoki a ɗakin Zalika aka yi, shi ma na kamu-kamu: mutum ya shigo da rigar aiki, ya yi addu'a, ya dubi agogo ya fita. Uwata ta ɗaura ɗankwalin da na ba ta, ta zauna a gefena, ana yi mata gaisuwa tana gyaɗa kai. Duk wanda ya ce "Allah ya yafe masa" sai in saci kallonta.

Ranar komowata su biyu suka raka ni filin jirgi. Aka kawo keken, na hau, wannan karon ba kunya, don da gaske ƙafafuna ba ƙarfi. Mai turawa ya kama, sai Uwata ta tare gaba ta durƙusa, ta dafa gwiwoyina. Ta yi magana, Zalika ta juya mini.

"Ta ce an gaya mata kina kwaikwayon muryar kowa. Ta ce ki faɗa mata yadda ya faɗa."

Na ce, "Zalika, sunan uwata ne."

"Ta sani, Hajiya."

Na dubi goshin nan da wushiryar nan. Na ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai a lokacin na san abin da na yi ta matsa wa Yaya ya yi, ina ganin kamar taurin kai ne kawai. Na ce a raina, Iya ki yafe mini. Na rufe ido, na nemo muryarsa, da karkacewar bakin da jan ƙarshen, na kira ta.

Ta kifa kanta a cinyata. Kafaɗunta na rawa, mutane na ratsa mu da akwatuna. Da ta ɗago, ta haɗa yatsun nan biyu ta yi da'irar, ta dube ta, sannan ta buɗe ta, ta bar manuni kaɗai a tsaye. Ɗaya.

Zalika, da ba ta iya barin magana, ta tambaye ta a hankali, yafiyar fa? Ai ko mutum na kabari tana isa gare shi. Uwata ta share fuska ta ce, "Ba yau ba." Mai keke ya tura ni.

To masu tambaya, abin da na gano muku ke nan. Tsaraba kuma kar a ƙara tambayata, kun dai koyi kalmar. Wanda ya karanta ya sa Yaya Garba a addu'a.

Duk Juma'a Uwata takan kira ni a waya. Ba ni da Turanci, ba ta da Hausa. Ta ce "Gwaggo," sai ta yi shiru tana jira. Ni kuma in tashi in rufe ƙofar ɗaki kar jikoki su ji, in kira ta. Har yanzu ba ta faɗi kalma huɗun nan ba. Ba na matsa mata. Ina dai manna wayar a kunne sosai, kar ta faɗa ban ji ba.